Soket ɗin Rediyon Mota ya Karye: Gyara ko Sayen Sabuwa?

Takardar da muka zaɓo yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau, direban motar haya ƙirar Golf. Ya ce rediyon da ke motarsa ba wadda motar ta zo da ita ba ce, saye ya yi aka sa masa. Ran nan ya zaro ta don ya kakkaɓe ƙura, sai ya fizgi wayoyin maimakon ya danna ɗan harshen da ke riƙe soket. Soket ɗin ya dare, wayoyi uku suka fita. Ya kai wa wani yaro a bakin tasha, yaron ya ce zai cusa wayoyin kai tsaye a bayan rediyon ya naɗe da salatif. Shi ne yake tambaya, ya yarda, ko kuwa rediyon ta tashi aiki ke nan?

To Malam, rediyonka ba ta mutu ba. Amma kada ka yarda da wannan dabara ta cusa waya. 'Yan ƙarafan da ke bayan rediyo a matse suke ƙwarai, mota kuwa kullum cikin girgiza take, balle a hanyoyinmu. Ranar da wayar wuta ta zame ta taɓa maƙwabciyarta, in an yi sa'a fis ne kawai zai ƙone. In ba a yi sa'a ba, rediyon za ta tafi, wani lokaci ma har wayarin motar ya kama hayaƙi da fasinja a ciki.

Abin da ake yi shi ne a sayi wani soket da wayoyinsa. Sai dai ka lura, soket biyu ne a wurin. Akwai wanda ke shiga jikin rediyo, akwai kuma wanda ke haɗuwa da wayarin motar. Na ɓangaren motar, a yawancin motocin Turai irin taka, iri ɗaya ne, ana kiransa ISO: gida biyu, kowanne da rami takwas, ɗaya na wuta, ɗaya na lasifika. Wannan ba ya wuyar samu. Na jikin rediyo, wanda ga alama shi ne naka da ya karye, shi ne mai rikici, don kowane kamfani da nasa. Pioneer da Sony da Kenwood duk suna da soket mai rami 16, amma jerin wayoyin ba ɗaya ba ne. Ko a kamfani guda ma, rediyon bana ba lalle ta ɗauki soket ɗin tsohuwar ƙira ba. Saboda haka kada ka tsaya ga ƙirga rami. Duba takardar da ke manne a jikin rediyon ka kwafi lambar ƙirarta, ko ma ka ɗauki rediyon da karyayyen soket ɗin ka tafi da su. Ka fara da masu gyaran rediyo na garinku, don sukan ajiye matattun rediyoyi, kuma soket ɗin matacciya mai lamba irin taka ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In ba a dace ba, sai a yi sautu Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Yanzu ga maganar launi. Rediyoyin da ake saye a sa wa mota kusan duk tsari ɗaya suke bi. Waya mai ruwan ɗorawa ita ce ta batir, wadda ke da wuta dare da rana, kuma ita ke sa rediyo ta riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli. Baƙa ana ɗaura ta a jikin ƙarfen mota. Shuɗiya ta eriya ce mai tashi da kanta, shuɗiya mai ratsin fari kuwa ita ke kunna amfilifaya in akwai. Mai ruwan lemo ta fitilar fuskar rediyo ce. Sauran takwas ɗin na lasifika ne, bibbiyu: farare gaba hagu, masu ruwan toka gaba dama, koraye baya hagu, shunayya baya dama. A kowane biyu, mai ratsin baƙi ita ce ta ragi.

Amma fa wannan tsari na wayoyin rediyo ne, ba na motar ba. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Masu ƙera mota kowa da launin da ya ga dama, ja a wayarin mota ba lalle ta zama ja ta rediyo ba. Dole a gwada. A ware wayoyin kada su taɓa juna, a sa mita ko fitilar gwaji: wadda ta nuna volt 12 alhali makulli na aljihunka, ita ce ta batir. Wadda ba ta nuna komai sai an murɗa makulli, ita ce abokiyar ja. Na lasifika kuwa, bayan an tabbata babu wuta a jikinsu, sai a ɗan taɓa su bibbiyu da ƙaramin batir mai volt 1.5, irin na rimot. Lasifikar da ta yi "ƙwas" ita ce mai wayar. Gargaɗi ɗaya a nan: a motocin da ke da jakar iska ta haɗari, wayoyinta galibi a cikin riga ko soket mai ruwan ɗorawa suke. Kada kowa ya ga launin ya ce ta rediyo ce, kada kuma a kai musu fitila ko batir.

Tunda Golf gare ka, ga wani abu da ya shafe ka. A soket ɗin ISO, yadda aka saba, rami na 4 shi ne na batir, na 7 na makulli. Amma a motocin Volkswagen da Audi da Opel da yawa an juya su. Alamar ita ce, rediyo tana aiki lafiya lau, amma kullum ka kashe mota sai ta manta tashoshi, da safe ka sake neman BBC daga farko. Ba lalacewa ba ce. A musanya ja da ruwan ɗorawa, shi ke nan. Shi ya sa ma wasu soket ɗin ke zuwa da ɗan mahaɗi a jikin waɗannan wayoyi biyu, a zare a juya ba sai an yanka ba.

Idan an gama gwaji an sa wa kowace waya alama, sai a cire kan batir mai alamar ragi kafin a fara haɗi. Ka ɗauki hoton tsohon haɗin da wayarka kafin a yanke komai, kuma a riƙa yankewa ana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Haɗin da muka fi yarda da shi shi ne a liƙe da dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Ita robar a zura ta tun kafin a liƙe, don mantuwa a nan ta sa masu gyara da yawa sun sake aiki. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif kuwa, ka san yadda cikin mota ke zama a watan Afirilu. Ƙaron salatif narkewa yake ya saki. Wayar da ba ka da aikinta, kamar shuɗiya, a rufe bakinta ita kaɗai, don wuta take fitarwa da zarar an kunna rediyo.

Kada kuma a haɗe wayoyin ragi na lasifika wuri ɗaya, ko a ɗaura su a jikin mota kamar yadda ake yi wa rediyoyin da. Na yanzu kowace lasifika da wayoyinta biyu, in an kai ɗaya ga ƙarfe, abin da ke ƙara sauti a cikin rediyon ne zai ƙone.

Saura fis. Yawancin rediyoyin nan suna da shi a baya, galibi mai lamba 10. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, ban da silin waya ko takardar sigari. Kuma shi wannan fis rediyo kawai yake tsarewa. Idan mai wayarin ya jawo maka sabuwar waya tun daga batir, ka tsaya a kansa sai ya sa mata nata fis a can kusa da batir ɗin. Kafin a mayar da rediyon cikin gidanta, a mayar da kan batir, a gwada lasifika huɗun ɗaya-ɗaya, sannan a zare makulli na ɗan lokaci a ga ko ta riƙe tashoshinta.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah Ya kiyaye hanya.