Yadda ake kare intanet na gida daga masu kutse

Na'urorin rarraba intanet ba tare da waya ba, wato Wi-Fi, sun zama ruwan dare a gidaje, sai dai mutane da dama na barin su yadda suka fito daga kamfani, abin da ke buɗe ƙofa ga masu kutse.

Siginar na'urar ba ta tsayawa a bangon ɗaki. Takan ratsa katanga ta kai maƙwabta da bakin titi, kuma duk wanda ya samu shiga zai yi amfani da intanet ɗin ne da sunan mai gida.

Asarar ba ta data ba ce kaɗai. A watan Maris na 2011, jami'an tsaron Amurka sun dirar wa gidan wani mutum a birnin Buffalo na jihar New York, bisa zargin sauke hotunan batsa na ƙananan yara. Daga baya aka gano cewa maƙwabcinsa ne ya yi amfani da Wi-Fi ɗinsa, wanda ba shi da kalmar sirri.

A Najeriya, inda aka umarci jama'a a watan Disambar 2020 su haɗa layukansu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, abin da aka aikata ta layin da ke cikin na'urar MiFi zai fara komawa ne kan mai layin.

Makullai biyu

Na'urar na da kalmomin sirri biyu: ta shiga intanet, da kuma ta shiga saitin na'urar kanta. Ta biyun ce aka fi mantawa da ita, kuma a na'urori da yawa kalmar "admin" ce kawai.

Irin wannan sakaci ne ya bai wa manhajar kutse ta Mirai dama a 2016. Ta riƙa gwada kalmomin sirri na kamfanoni kimanin 60, ta kame dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet, aka kai hari da su a watan Oktoba, lamarin da ya hana shiga shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i.

A watan Afrilun 2024, wata doka ta fara aiki a Birtaniya wadda ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka.

Ya kamata a sauya kalmomin biyu, a yi su da tsawo, haruffa 12 ko fiye. A guji lambar waya, ko sunan ɗa, ko ranar haihuwa.

Tsarin ɓoye bayanai

Tsohon tsarin WEP, wanda masana suka fallasa rauninsa a 2001, ana iya karya shi cikin mintuna. Abin da ya dace a zaɓa shi ne WPA3, wanda ya fito a 2018, ko kuma WPA2 idan na'urar ba ta da shi.

Haka nan a kashe tsarin WPS mai lambobi takwas, domin tun 2011 aka nuna cewa ana iya gano lambobin cikin sa'o'i.

Shi kansa WPA2 an gano masa rauni a 2017, lokacin da Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya bayyana wata hanyar kutse, kuma ta hanyar sabunta manhaja aka toshe ta. Don haka na'urar da kamfani ya daina sabunta wa manhaja ta cancanci a musanya ta.

Ga mai son taimaka wa baƙi ko maƙwabta, na'urori da yawa na ba da damar buɗe musu layi na daban, wanda ba ya kaiwa ga kwamfutoci da wayoyin gidan. Yana kuma da kyau a riƙa duba jerin na'urorin da ke kan layin, a sauya kalmar sirri da zarar an ga baƙuwar waya.