FILIN MATA: In An Gama Aikin Gayya, A Zauna A Ɗauki Hirarsa

Kin dai sani, in mata suka haɗu suka yi wani aikin hannu don jama'a, ko ɗinki, ko saƙa, ko zanen bangon makarantar unguwa, ranar da aka kammala sai a yi biki, a ci a sha, a ɗauki hoto, kowacce ta kama gabanta. Aikin yana nan, kowa na gani. Amma wadda ta fara kawo shawarar, da wadda ta yi fushi ta tafi aka lallaso ta, da wadda ta riƙa zuwa da goyo tana ɗinki tana share hawaye, duk wannan sai ya bi iska.

Bari in ba ki misali daga Amurka. A watan Oktoba na 1987 aka shimfiɗa wani ƙaton bargo na haɗe-haɗen ƙyallaye a babban filin birnin Washinton, don tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe. Ƙyalle 1,920 aka jera a ranar, kowanne faɗinsa ƙafa 3, tsawonsa ƙafa 6, watau kimanin girman kabari. Iyaye da 'yan'uwa da abokan mamatan ne suka ɗinka su, daga baya kuma ƙyallayen suka kai wajen 50,000. To, abin lura shi ne, da yawa cikin masu ɗinkin ba su ga ƙyallen ya ishe su ba, sai da suka haɗo shi da wasiƙa da hotuna, suna faɗin ko wane ne mamacin. A 1987 ba kowa ke son a ambaci wannan cuta a gidansa ba. A 2019 aka bayyana cewa takardun nan, fiye da 200,000, za su koma laburaren Majalisar Dokokin Amurka don ajiya.

Wasiƙa dai mutum ɗaya ke rubuta ta. Hira kuwa sai da biyu, abin da wannan ta manta waccan ta tuna mata. A 1999 wata ƙungiya ta masu sha'awar ɗinkin barguna a can Amurka ta fara ɗaukar hirar maɗinka a rikoda. Dabararsu ta burge ni: kowacce sai ta zo da bargo guda da ta zaɓa, a baje shi a gabanta, daga kansa hirar za ta tashi. Sun tara hira fiye da 1,000. Sai kuma shirin StoryCorps, wanda wani ɗan rediyo mai suna Dave Isay ya buɗe a 2003 a wata 'yar rumfa cikin tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a Niyok. Mutum biyu da suka san juna su shiga, su yi hira ta minti 40, a ba su kwafi, in sun yarda a ajiye wani a laburaren nan na Majalisa.

Ke ma ƙungiyarku za ta iya, ba sai da rumfa ba, wayar hannunki ta isa. Ku bari a yi mako biyu ko uku da biki, gajiya ta sauka. Ku zauna bibbiyu, don in an yi taro, masu baki ne kaɗai za a ji. Kada kuma a ce shugaba ce za ta yi tambaya, ai ba mai faɗin gaskiya a gabanta, sai yabo. Ki tambayi abokiyar hirarki abin da ya fi ba ta wuya, da ranar da ta so ta bari, da abin da za ta sake in za a maimaita aikin. In ta yi shiru ki ƙyale ta, kada ki cike mata magana. Batun kuɗin zare da fenti, da wadda aka manta sunanta ranar biki, shi ma a faɗe shi, domin shi ne ke watsa ƙungiya kafin aiki na biyu.

Sai dai fa murya amana ce. Kafin ki danna, ki gaya mata wa zai ji, a ina za a ajiye. Wata ba ta son muryarta ta fita waje, wata sai ta shawarci maigida, wata kuma za ta saki baki sannan washegari ta ce a goge. A goge mata. Kada a wayi gari a tsinci hirar tana yawo a WhatsApp.

Mu ma nan muna da namu aikin gayyar na mata, watau daɓe, inda makwabta ke taruwa da madaɓai suna bugun ƙasar ɗakin amarya suna waƙa. Siminti ya zo ya ture shi a yawancin garuruwa. In akwai tsohuwa a gidanku da ta yi daɓe da hannunta, ki samo mata tsararta guda, ki shimfiɗa musu tabarma, ki ajiye wayar a tsakaninsu.