Mayar da mota zuwa CNG: ba kowace tukunya ce ke ɗaukar wannan gas ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da masu adaidaita sahu da dama suka koma amfani da gas ɗin CNG saboda ya fi fetur araha. Ba a canza injin mota. Ana dai ƙara mata tukunya a but, da na'urar rage ƙarfin gas, da maɓallin sauyawa kusa da sitiyari. Motar takan tashi da fetur, idan inji ya ɗumama sai ta koma gas.

Hatsarin yana wajen tukunya. Ana matse CNG har ƙarfinsa ya ninka na gas ɗin girki fiye da sau 10, shi ya sa ake ƙera tukunyarsa da ƙarfe mai kauri, ba tare da walda ba. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe wajen shan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Hukumomi sun ce tukunyar haɗin walda ce.

Kafin ka biya, duba ranar ƙira da ƙarfin da aka buga a jikin tukunya, kuma ka je cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Araha ba ta ado.