Labarin Wasan Hedimastan Ƙauye

Yawancinmu da ke wannan kwaleji, in mun ƙare karatu, ƙauye za a tura mu. Don haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani wasan kwaikwayo na telebijin wanda ya ɗauki malamin makarantar ƙauye ya mai da shi abin kallon Nijeriya duka har shekara ashirin. Sunan wasan da Turanci The Village Headmaster, watau Hedimastan Ƙauye.

Wanda ya ƙago shi sunansa Segun Olusola. Yana cikin ma'aikatan farko na gidan telebijin na Badun, wanda aka buɗe a 1959, shi ne kuwa na fari a ƙasar nan. Daga baya ya koma Ikko, a can ne aka fara nuna wasan a 1968, Sanya Dosunmu yana shirya shi. A lokacin hoton baƙi da fari ne, masu akwatin telebijin kuwa ba su da yawa, sai maƙwabta su taru gidan mai shi su cika ɗaki. Da aka haɗa gidajen telebijin na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977, wasan ya riƙa kai wa jihohi nesa da Ikko. Can baya aka sabunta shi, aka ƙara masa kalmar New a gaban sunan, ya ci gaba har 1988.

Garin da a ke wasan a cikinsa ana ce da shi Oja. Ba ya cikin taswira, ƙago shi aka yi, amma an yi shi kamar ƙauyen Yarbawa sosai, da fada da kotu da kanti da makaranta. Sarkin garin shi ne Oloja, wanda a ke gaisarwa da Kabiyesi, Dejumo Lewis ne ya ke fitowa a matsayinsa. Kusa da shi akwai Cif Eleyinmi mai shari'a a kotun gargajiya, mutum mai son manyan kalmomin Turanci, watau Funso Adeolu. Akwai Kansila Balogun ɗan siyasa, watau Wole Amele, da Gorimapa ɗan aiken fada mai ƙwalƙwal ɗin kai. Akwai Sisi Clara matar hedimasta na farko, wadda Elsie Olusola, matar mai wasan, ta ke fitowa a madadinta. Sa'an nan ga Amebo mai sayar da bammi, watau Ibidun Allison, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

Hedimasta kuwa mutum uku suka riƙe shi bi da bi. Na farko Ted Mukoro, sai Femi Robinson, sa'an nan Justus Esiri. Duk ukun sun riga mu gidan gaskiya: Esiri a 2013, Robinson a 2015, Mukoro a 2018. Shi Olusola, bayan ya yi jakadancin Nijeriya a Habasha, ya rasu a 2012. Wani abin mamaki kuma, waɗansu daga cikin mutanen wasan sun zama sarakuna na gaske. Dosunmu ya zama sarkin Owu a Abekuta, Adeolu kuma sarkin Ode Remo.

To, me ya sa mutane suka so wasan nan haka? Na farko dai akwai ban dariya. Amma ku dubi shekarar da aka fara shi. A 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka ƙare a 1970, mutane da yawa sun bar inda su ke zaune sun koma garuruwansu don tsoro. A wannan hali ne aka nuna wa jama'a ƙauye guda inda Bassey Okon mai kanti, mai sunan mutanen Kalaba, ya ke zaune lafiya da Yarbawa. Jab Adu ne ya ke yinsa, shi kuwa Bayarabe ne. A cikin wasan akwai Okoro mai sunan Ibo, akwai malam Oghene mai sunan Urhobo, akwai malam Garuba mai sunan mutanen Arewa. Suna faɗa, suna gulmar juna, suna kai ƙara fada, amma gobe a ga sun sake haɗuwa a rumfar Amebo. Harshensu ma gauraye ne, wani Turancin makaranta, wani buroka, wani ya jefa Yarbanci. Har yau in ka ji an ce da mace amebo a Ikko ko Fatakwal, ana nufin magulmaciya, wasan nan ne ya baza kalmar.

Abin da ya fi shafarmu shi ne matsayin hedimasta a garin. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, ba shi da ɗan doka. Duk da haka in magana ta rikice tsakanin fada da talakawa, ko tsakanin al'adar gari da sabon abin da gwamnati ta kawo, wurinsa a kan nufa. Dalili kuwa shi ne ya yi karatu, yana iya fassara takarda, kuma ba a san shi da cin amana ko bin ɓangare ba. Yana girmama sarki, amma yana gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ba ya raina mutane don ba su shiga aji ba. Wasan bai ɓoye cewa cikin malamai akwai masu hali marar kyau ba, gama an nuna su su ma, an yi musu dariya.

Zamani ya sake, gaskiya ne. Yau a ƙauye akwai masu ilmi da yawa ban da malami, kuma kowa da wayarsa a hannu. Amma har yanzu iyaye suna duban malamin 'ya'yansu: yadda ya ke gaisuwa, da wa ya ke zama, ko yana zuwa aji kan lokaci. Da yawa cikinmu za a kai mu inda ba a jin harshenmu, mu zama baƙi kamar Bassey Okon. Baƙon da ya koyi gaisuwar gari, ya je ta'aziyya, ya kama bakinsa daga rigimar sarauta, ba ya daɗewa sai a fara kawo masa shawara. Wanda ya shiga da girman kai kuwa, ko takardar shaidarsa ta fi ta kowa, zai ƙare shekarunsa shi kaɗai a gidan malamai.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwaleji ta nemi abin da ya samu na wasan nan ta nuna mana kafin mu fita koyon aiki. Allah ya ba mu sa'a a garuruwan da za a tura mu.