Gwajin Jini Mai Tona Asirin Ƙwayoyin Cuta a Kumburin Fankiriyas

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci da kuma sinadarin insulin. Wani lokaci takan kumbura farat ɗaya, galibi saboda tsakuwar matsarmama ko yawan shan barasa. Kimanin mutum 80 cikin 100 sukan warke cikin mako guda. A cikin sauran kuwa, wani ɓangare na gaɓar yakan mutu, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗannan, ƙwayoyin cuta daga hanji, irin su E. coli da Klebsiella, sukan shiga mataccen naman. Idan haka ta faru, haɗarin rasa rai yakan ninka.

Abin da ke ɗaure wa likita kai shi ne, zazzaɓi da bugun zuciya da sauri sukan bayyana ko ƙwayoyin cuta sun shiga ko ba su shiga ba. In ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa dalili ba, ya taimaka wa masu jure magani su yaɗu. In kuwa ya yi jinkiri, majiyyaci na iya halaka. Hoton CT yakan nuna iska a cikin mataccen naman ga wasu majiyyata kaɗai. Renon ƙwayoyin cuta daga jini yakan ci kwanaki, kuma sau da yawa ba ya nuna kome idan an riga an fara magani. Tsira allura a ɗebo ruwa daga wurin kuwa yana da nasa haɗarin.

Sabuwar dabarar ta dogara ne a kan wani tsohon sani. Tun 1948 wasu masana biyu a Faransa, Mandel da Métais, suka gano ɓurɓushin sinadarin gado yana yawo a cikin jini. Ƙwayoyin cuta ma idan sun mutu sukan zubar da gutsattsarin DNA ɗinsu a jini. Yanzu akan ɗebi jini kaɗan, na'ura ta karanta miliyoyin gutsattsari, kwamfuta ta ware na mutum, sa'an nan ta gwada sauran da na ƙwayoyin da aka sani. Cikin 2019 kamfanin Karius na Amurka ya wallafa binciken gwajinsa mai gane ƙwayoyin cuta iri 1,250. Cikin 2022 kuma likitocin ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa dabarar ta fi renon jini saurin ganowa da kaifi ga masu wannan ciwo.

Amfanin sani da wuri a fili yake, domin wani bincike da aka yi a Holan, aka kuma wallafa cikin 2021, ya nuna cewa, daga cikin majiyyatan da aka jinkirta wa sa bututun zuƙe ruɓa, 39 cikin 100 magani kaɗai aka ba su, ba su buƙaci bututun ba.

Amma fa gwajin yana da tsada. Bugu da ƙari, DNA ɗin da aka gani yana iya fitowa daga huhu ko mafitsara, ko daga ƙwayar da ta riga ta mutu, kuma ba kullum yake faɗin maganin da zai ci ta ba. Saboda haka har yanzu likitoci sukan haɗa sakamakonsa da hoton ciki da halin da majiyyaci ke ciki kafin su yanke shawara.