Kada Ka Jefar da Tsohon Casio Ɗinka

Galibin agogon hannu da muka ajiye tun muna yara ba mutuwa suka yi ba, batir ne ya ƙare. Nawa Casio F-91W ne, samfurin da aka fara fitarwa a 1989. Baba ya saya mini kafin ya rasu, shi ya sa ban yarda in sayi sabo ba.

Ƙananan kusoshi huɗu ne a bayansa. Kwance su a kan faranti, don in ɗaya ta faɗi a ɗakin hostel, sai dai haƙuri. Batirinsa CR2016 ne, yakan kai shekara 7. Ga inda mutane suke karaya: ka sa sabon batir, fuska ta ƙi nuna komai. Akwai wani ɗan wuri da aka rubuta AC. Ka haɗa shi da saman batirin da hantsaki na ƙarfe na daƙiƙa biyu, lambobi za su dawo. Mayar da siririyar robar murfin daidai, ita ke hana ruwan alwala shiga.

Madaurin kan tsage, faɗinsa milimita 18, masu gyaran agogo na da shi. Karcen fuskar kuwa na bar nawa yadda yake, duk da makilin da tsumma kan rage shi.