John Mawurndjul, Mai Zane a Ɓawon Itace

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu nufi can ƙuryar arewacin Ostareliya, yankin da ake kira Arnhem, ƙasar 'yan asalin nahiyar, waɗanda kakanninsu ke zaune a wurin tun dubban shekaru kafin jirgin Bature ya tsaya a gaɓar tekunsu. A can aka haifi John Mawurndjul a 1952, ɗan ƙabilar Kuninjku, mutumin da ya ɗauki ɓawon itace da jar ƙasa ya kai su manyan zaurukan baje kolin zane na Turai.

Aikin ba daga burushi yake farawa ba, daga daji yake farawa. Sai damina ta kankama, itace ya sha ruwa, sannan ɓawo ke yarda ya saɓule. Mai zane zai nemi wata bishiya dangin itacen turare, miƙaƙƙiya wadda ba ta da kulli, ya zagaye ta da sara sama da ƙasa, ya tsaga tsaye, ya ɓamɓare ɓawon a hankali. Daga nan sai a gasa shi a kan wuta har ya yi laushi, a kankare kaushin bayansa, a shimfiɗa a danne da duwatsu ya bushe. Launi huɗu ne kacal: jar ƙasa, ƙasa mai ruwan ɗorawa, farar ƙasa da baƙin gawayi. Burushin kuwa 'yan siraran zaruruwa ne na wata ciyawar fadama. Ita farar ƙasar ma ba ko'ina Mawurndjul ke ɗibarta ba. Akwai wani wuri mai suna Kudjarnngal inda yake haƙo ta, kuma a imanin mutanensa ta fito ne daga jikin Ngalyod, Macijin Bakan Gizo. Ke nan, tun kafin ya ja layin farko, abin da ke hannunsa yana da nauyi a wurinsa.

Ya koyi sana'ar a gida, wurin yayansa Jimmy Njiminjuma da kuma dattijo Peter Marralwanga. Da farko ƙananan ɓawo yake yi: kifi, kunkuru, da siraran iskokin duwatsu da suke kira mimih. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya koma manyan ɓawo, wasu sun fi mutum tsawo, Ngalyod ya nannaɗe a ciki kamar zai fasa gefen ya fito. A 1989 aka nuna aikinsa a wani babban baje koli a birnin Paris, tare da na masu zane daga sassan duniya.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne salon da Kuninjku ke kira rarrk. Layuka ne sirara kamar gashi, ana ja ɗaya gefen ɗaya, sannan a gitta wasu a kansu, fari, ja, ruwan ɗorawa, har fuskar ɓawon ta koma kamar saƙar faifai mai ƙananan ido. Ɓawo ɗaya yakan ci makonni, mutum na zaune a ƙasa, ya sunkuya a kansa. Idan aikin ya yi kyau, sai ka ga zanen yana ƙyalli, yana motsi a ido, kuma wannan ƙyallin su a wurinsu alama ce ta ƙarfin kakanni.

Asalin rarrk daga bikin Mardayin yake, wani biki na sirri inda ake zana wa maza alamun zuriyarsu a ƙirji. A nan Mawurndjul ya yi abin da nake ganin ya fi komai wuya a rayuwarsa. Yana so duniya ta ga ƙarfin Mardayin, amma dokar dattawansa ta hana a buɗe wa bare cikin al'amarin. Sai ya ƙirƙiro nasa tsarin. Ya rage zana dabba da mutum, ya cika ɓawon da layuka da da'irori masu nuna tafkuna da maɓuɓɓugan ƙasar mutanensa, irin su Milmilngkan, inda ya kafa gidansa, da Kakodbebuldi. Baƙo ya tsaya ya sha mamakin kyan aikin, wanda aka shigar cikin bikin kuma ya karanta abin da baƙon bai gani ba. Bai sayar da asirin ba, bai kuma tsaya yana maimaita abin da ya tarar ba.

Don a gane girman wannan, sai a tuna yadda Turawa suka fara kallon zanen ɓawo. A 1912 wani masani, Baldwin Spencer, ya riƙa karɓar irin waɗannan zane-zane a Oenpelli yana biya da taba. Shekaru da dama ana jera su a gidajen tarihi kusa da mashi da kwando, galibi ba tare da sunan wanda ya zana ba. Abin takaici ne, domin kowane ɓawo hannun wani gwani ne ya yi shi, kuma mutanensa sun san shi sarai.

Mawurndjul na cikin waɗanda suka karya wannan kallon. A 2003 ya ci kyautar Clemenger ta zanen zamani a Melbourne, kuma shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya ci ta. A 2005 gidan baje koli na Tinguely da ke Basel a Siwizalan ya tattara ayyukansa shi kaɗai ya nuna. A 2006, da aka buɗe gidan tarihi na Quai Branly a Paris, zanensa na kan rufi da ginshiƙin wani sashe na ginin. Ƙasarsa ta ba shi lambar girma a 2010, sannan a 2018 aka yi masa gagarumin baje koli a Sidni, wanda shi da kansa ya jagoranci tsara shi bisa wuraren ƙasar mutanensa, aka kuma rubuta bayanai da harshen Kuninjku.

Duk wannan yawo bai raba shi da daji ba. Yana dawowa sai farauta da kamun kifi da kula da wuraren da aka bar masa amana. Ya koya wa matarsa Kay Lindjuwanga da 'yarsa Anna Wurrkidj, su ma suka yi suna a zanen ɓawo, a yankin da a da aikin na maza ne.

Ya rasu a watan Disamba na 2024. Bisa al'adar mutanensa akan kauce wa kiran sunan mamaci na wani lokaci, don haka sanarwar rasuwarsa ta kira shi Balang Nakurulk, wato da sunan rukuninsa na dangantaka da na zuriyarsa ta Kurulk.

  

(Kiɗan rufe shiri)